Daji da Ƙarfe: Bayani a kan Fiɗar Hanta idan Sankarar Hanji ta Sauka Cikinta

(Taken shiri, sa'an nan muryar mai gabatarwa)

Jama'a masu sauraro, iyayenmu da 'yan'uwanmu na Kazaure da Roni da Gwiwa, da na Babura har zuwa bakin iyakar Nijar, da dukkan wanda wannan murya ta riska, ko yana kishingiɗe bisa tabarma a ƙofar gida bayan ya idar da isha'i, ko tana tsakar gida tana kawar da kwanukan tuwo, ga filinmu na kiwon lafiya.

Akwai wata magana da muka tashi muka tarar a bakin manya, wadda saboda daɗewarta da yawan masu faɗinta har ta zama kamar hukuncin da babu mai ɗaukaka ƙara a kansa, watau cewa daji ba ya son ƙarfe: wai in aka taɓa ciwon daji da allura ko da wuƙar likita, sai ya fusata ya bazu cikin jiki. Wannan magana ta tsare mutane da yawa a ɗaka har lokacin magani ya shige. A daren yau za mu auna ta a wurin da ake ganin ta fi ƙarfi, wato a kan mutumin da sankara ta kama babban hanjinsa, kana ta ƙetara ta sauka a hantarsa, wanda a da ko likitoci kansu sukan ce da danginsa su koma gida su yi ta addu'a, alhali yau, a cikin wasu sharuɗɗa da za mu zayyana, wuƙar nan da ake gudu ita ce babbar ƙofar warakarsa.

Kafin mu shiga asibiti, bari mu tsaya a inda kowa ya sani. Duk wanda ya taɓa tsugunawa gaban ragon layya ranar Babbar Salla yana kallon mahauci na fitar da kayan ciki, ya ga yadda hanji yake rataye jikin wata shimfiɗa mai kitse, wadda ƙananan jijiyoyi suka ratsa ta kamar saiwoyin gamba. In da zai bi waɗannan jijiyoyi da yatsa, da ya tarar suna haɗuwa, ƙarama ta shiga babba, har su zama jijiya guda mai kauri wadda ta nufi ƙofar hanta. Haka halittar ɗan Adam take. Jinin da ya ɗebo amfanin abinci daga hanji ba ya wucewa zuciya kai tsaye, sai ya fara biyawa ta hanta, ta tace shi, ta ajiye abin ajiyewa, ta kashe dafin abin da ke da dafi, kamar yadda ƙoramun damina kan gangaro daga tuddai su taru a dam ɗin Kazaure tare da duk abin da suka kwaso a hanya. Kusan kashi 3 cikin 4 na jinin da ke shiga hanta ta wannan jijiya yake zuwa, kuma a nan ne asirin mas'alarmu yake.

Sankarar babban hanji, a galibi, takan fara ne da wani ɗan tsiro a bangon hanji daga ciki, wanda zai yi shekaru yana zaune ba zafi ba zogi, kafin ɗabi'arsa ta sauya ya soma cin bangon da yake kai. Idan ya ci ya isa ga jijiya, sai ƙwayoyinsa, waɗanda ido ba ya gani, su bi jini, kuma masaukinsu na farko hanta ce. Manomi ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta: in ruwa ya kwashi irinsa daga wata gona ya zuba a wata, abin da zai tsiro can ƙuduji ne, bai zama gero ba don ya sauya gona. To, haka ƙarin da ya fito a hanta ta wannan hanya, sankarar hanji ce ta yi ƙaura, da maganin sankarar hanji ake yaƙarta; dabam take da sankarar da ke tasowa daga hantar kanta, wadda a ƙasarmu yawanci ciwon hanta nau'in B ke haddasa ta, da dafin fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. Bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2020 mutum wajen miliyan 1.9 ne aka samu da sankarar hanji a duniya, fiye da dubu 900 kuma suka rasu ta dalilinta. Likitoci kuma sun lura cewa kusan rabin masu wannan ciwo, ko ba jima ko ba daɗe, yakan kai ga hantarsu.

Abin baƙin ciki a wajenmu shi ne sunan da ciwon ke ɓuya a bayansa. Mutum ya ga jini a bayan gida, sai ya ce basir ne. Cikinsa ya riƙa ɗaurewa yau, gobe ya sake, ya ce basir ne. Ya rame, wandonsa ya yi masa yawa, idonsa ya yi fari don ƙarancin jini, ya ce basir ne ya ci shi. Ranar kasuwa kuwa ga mai magani da lasifika bisa mota yana lissafa waɗannan alamomi ɗaya bayan ɗaya, yana cewa duk ƙullin nan guda zai kore su. Gaskiya ne basir yana sa zubar jini, atini ma haka, kuma mafi yawan masu ganin jini ba sankara gare su ba. Amma ba a rarrabe wannan da wancan da ka, sai da dubawa. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tare da abokan aikinsu na wani babban asibitin sankara a birnin New York, sun bi diddigin wannan ciwo a Nijeriya, suka tarar mutanenmu yana kama su da ƙarancin shekaru bisa ga mutanen Amurka, kuma akasarinsu ba sa isa asibiti sai ya yi nisa. Suka kuma nuna cewa mai zubar jini ta dubura wanda ya haɗa da rama da sauyin bayan gida, musamman in ya kai shekara 45, shi ne mafi cancantar a leƙa hanjinsa da bututun nan mai fitila da kyamara a kansa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a masu sauraro, yanzu sai batun ƙarfe. Cire ciwon daji da wuƙa ba bidi'ar Turawa ba ce. Abul Ƙasim Zaharawi, likitan Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu wajen shekara ta 1013, ya keɓe juzu'i na 30 na littafinsa Attasrif ga ilmin fiɗa, har da zanen kayan aiki, kuma ra'ayinsa game da saraɗan, wato daji, shi ne a cire shi tun yana ƙarami, a wurin da za a iya tumɓuke shi ɗungurungum, in kuwa ya tsufa ya yi girma a ƙyale shi. Wannan ƙa'ida har gobe ita ce ginshiƙi. Sai dai hanta ta daɗe tana gagarar masu fiɗa, domin tsoka ce mai taushi, cike da jini kamar soso a ruwa, wadda in aka yanka ta zare ba ya riƙe ta, jini kuma ba ya tsayawa. Wani likitan Jamus mai suna Langenbuch ne, a 1888, ya ba da labarin yanke wani yanki na hantar wata mace ta kuma rayu. A 1908 Pringle, likita a birnin Gilasgo, ya nuna cewa in aka matse jijiyoyin da ke ƙofar hanta na ɗan lokaci, jini yakan lafa har a samu damar aiki, kuma da sunansa ake kiran wannan dabara har yau. A 1952 likita Lortat-Jacob ya ba da labarin yadda ya cire ɓarin dama na hanta gaba ɗaya a Paris, bayan ya fara ɗaure jijiyoyin da ke ciyar da shi.

Amma wanda ya ba masu fiɗa taswirar da suke bi, wani Bafaranshe ne, Couinaud, ana furta sunan Kwino, wanda ya yi shekaru yana ɗura wani ruwa mai daskarewa cikin jijiyoyin hantar mamata don ya ga rassansu, har ya wallafa littafinsa a 1957, inda ya tabbatar cewa hanta, ko da yake ido na ganinta curi guda, a haƙiƙa sassa 8 ce. Ku ɗauke ta kamar babban gidan gandu mai sassa takwas, kowane sashe da ƙofarsa, da randarsa, da magudanarsa. In gara ta cinye sashe guda har ya zama dole a rushe shi, sauran bakwai ba za su rasa hanyar shiga ko ta zubar da ruwa ba, muddin magini ya san inda katangar kowane sashe ta tsaya.

Sa'an nan ga wata baiwa da Mahalicci ya keɓance hanta da ita a cikin kayan ciki, watau toho. Ƙoda in an cire ta ba ta dawowa, amma hanta, kamar zogalen da aka sassabe a bayan ɗaki, in aka yanke mafi yawanta, ragowar takan kumbura ta girma, cikin 'yan makonni zuwa 'yan watanni ta mayar da mafi yawan abin da ta rasa. Saboda haka ana iya cire har kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na lafiyayyar hanta mutum ya rayu. Idan kuwa hantar ta sha magungunan sankara masu yawa, sai a bar mata abin da bai gaza kashi 30 ba. In ta riga ta ƙandare saboda tsohon ciwon hanta, sai an bar kashi 40 ko fiye, wani lokaci ma aikin ba ya yiwuwa sam.

Daga nan za ku fahimci sharuɗɗan aikin. Na farko, ya zama za a iya cire dukkan ƙarin da ke hanta, kowanne da ɗan gefen lafiyayyar tsoka kewaye da shi. Na biyu, abin da zai rage ya isa riƙe rai, da jijiyar shigar jininsa, da ta fita, da hanyar ruwan maɗaciya. Na uku, ya zama tushen ciwon da ke hanji an cire shi ko za a iya cirewa, kuma bai watsu a wasu wurare da hannu ba zai kai ba, ko da yake ɗan ƙari a huhu wanda shi ma zai ciru ba ya hana aiki. Na huɗu, zuciyar majinyaci da huhunsa da ƙarfin jikinsa su iya ɗaukar babbar tiyata. Ba likita guda ke yanke wannan hukunci ba. Shawara ce ta majalisa, inda mai fiɗa, da likitan sankara, da masanin hoton CT da MRI, da mai duba tsoka a madubin likita, suke zama su yi ijma'i, har su tsai da wanda za a fara yi, hanji ko hanta, ko kuwa a haɗa su rana guda.

Bari mu buga misali. A ce wani dattijo ne daga ƙauyukan Gwiwa, babban ɗansa ya kai shi, an yi hoto an ga ƙari 3 a hantarsa. Ya dubi likita ya ce, "Likita, Allah ya ƙara maka lafiya, tun da har uku ne, ai magana ta ƙare, a bar ni in koma cikin iyalina." Likita ya ce, "Baba, ba yawansu muke dubawa ba, abin da zai saura muke dubawa. Duk ukun suna ɓarin dama, ɓarin hagunka kuwa lafiya lau yake. In muka ɗauke na dama, na hagu zai riƙe ka da izinin Allah." Amsar nan ita ce taƙaitaccen sauyin da aka samu a wannan fanni, gama a da in ƙari ya wuce 3 ko 4 sai a ce aiki ya faskara, yau kuwa ma'auni shi ne ragowar.

Idan ragowar ta yi kaɗan, har yanzu da sauran dabara. Akan fara ba da maganin da ake ƙarawa ta jijiya, wanda ake kira kemo, na wata 2 ko 3, ƙarin ya motse, abin da ya gagari wuƙa jiya ya zama mai ciruwa yau. Akan toshe reshen jijiyar da ke ciyar da ɓarin da ya kamu, hikimar da likitocin Japan suka fito da ita a shekarun 1980, sai jini ya karkata ga lafiyayyen ɓari, ya yi ƙiba cikin mako 4 zuwa 6, kana a yi aikin. Akan raba fiɗar gida biyu, a share ɓari guda, a jira ya yi toho, a dawo a cire ɗayan, kamar yadda likitocin Faransa suka bayyana a shekarar 2000. Ƙananan ƙari kuma, waɗanda ba su wuce santimita 3 ba, akan soka musu wata allura mai zafi a ƙone su a inda suke.

To, mene ne sakamako? Wajibi ne mu faɗi gaskiya, daɗinta da ɗacinta. Cikin waɗanda ciwon ya kai hantarsu, kusan mutum 1 cikin 5 ne ake tarar da shi ya cika sharuɗɗan aiki tun da fari. Waɗanda aka yi wa aikin a manyan cibiyoyin duniya, tsakanin 40 da 50 cikin 100 suna raye bayan shekara 5, wasunsu ma sun rabu da ciwon har abada. Alhali wanda ba a yi masa kowane irin magani ba, da wuya ya wuce shekara guda. Aikin yana da haɗarinsa: zubar jini, yoyon ruwan maɗaciya, ruɓar rauni, ko ragowar hantar ta kasa, amma a cibiyoyin da suka ƙware, waɗanda ke rasuwa ta dalilin aikin ba su kai 5 cikin 100 ba. Kuma ciwon yakan dawo wa kusan mutum 2 cikin 3, domin irin ƙuduji da ido bai gani ba yana iya saura a ƙasa. Shi ya sa ake haɗawa da kemo, ake kuma bin majinyaci da awon jinin da ake kira CEA da hoto bayan kowane wata 3 zuwa 6 har shekara 5, don in ya sake tsirowa a cim masa yana ƙarami, sau da yawa a sake cire shi.

Daga ina ke nan maganar daji da ƙarfe ta samo asali? Daga abin da idon mutane ya gani, amma suka yi masa gurguwar fassara. Mutum ya shekara biyu yana shan jiƙo, sai da hanjinsa ya toshe, cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi shawara, kana aka ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibiti. Likita ya buɗe ya tarar ciwo ya riga ya gama gari, ya rufe. Bayan mako uku aka yi jana'iza, masu zaman makoki suka ce ƙarfe ne ya tayar da shi. Ba su ga shekara biyun da ciwon ya yi yana tafiya a ɓoye ba, ranar wuƙa kaɗai suka gani, sai suka ɗora wa mai kashe gobara laifin wutar da ya tarar ta ci rufi.

Saboda haka, wanda ya ga alamomin da muka ambata sun wuce 'yan makonni, ya fara da asibitin da ke kusa da shi, kamar babban asibitin Kazaure ko na Babura, ya faɗi ciwonsa ba tare da kunya ba, ya yarda a duba shi, ya kuma karɓi takardar turawa zuwa manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano da ke Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, inda likitoci za su shiryar da shi ga wurin da ya dace da irin aikinsa. Ya adana kowace takarda da kowane hoto a jaka guda. A auna shi ciwon hanta nau'in B kafin a fara kemo, gama kemo kan tayar da shi in yana kwance. Ya nisanci jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, domin hantar da ake tattalin ragowarta ita ce za ta sha wahalar tace su. Dangi kuma su yi shiri tun da wuri, na kuɗi da na masu ba da jini. 'Ya'yan majinyaci da 'yan'uwansa na ciki ɗaya su gaya wa likita, don ciwon yakan bi jini a wasu gidaje.

Saura mas'alolin addini, waɗanda sukan damu majinyaci fiye da zafin rauni. Malamanmu sun daɗe da bayyana cewa riƙon sababi ba ya warware tawakkali, kamar yadda manomin Roni ba ya barin shuka don ya san arziki na Allah ne. Wanda aka fitar masa da hanji ta gefen ciki aka manna masa jaka, ya sani ba kowane mai wannan ciwo ake yi wa haka ba, kuma sau da yawa na ɗan lokaci ne. Fiƙihun Malikiyya kuma yana da babin salasi, inda aka yi sauƙi ga mai uzurin da abu ke fita daga gare shi ba da ikonsa ba, sai ya tuntuɓi malaminsa ya koya masa yadda zai yi tsarki da salla, kada ya ƙaurace wa masallaci. Azumi ma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. Wanda kuwa aka ce aikin hanta ba zai yiwu a kansa ba, ba a sallame shi daga magani ba: kemo na iya ƙara masa kwanaki masu amfani, ana buɗe hanjin da ya toshe, akwai kuma magungunan kashe zogi masu ƙarfi, kuma haƙƙinsa ne ya roƙe su.

Iyayena da 'yan'uwana, ajali na hannun Allah, babu likitan da ke ƙara masa sa'a guda. Amma jinkiri namu ne, kuma a kansa za a tambaye mu. In gobe ka ji maƙwabcinka yana cewa basir ya hana shi sakat wata da watanni, ga shi yana ramewa, kada ka miƙa masa ƙullin magani, ka ce masa, "Malam, shirya, da safe zan raka ka asibiti."

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya saka wa masu jinya da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.  

(Taken rufe shiri)